Na'urar da ake cewa tana sa mota ta sha ruwa ta rage shan fetur: abin da lissafi ya nuna

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, lissafin duk mai mota a Najeriya ya sauya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 a Abuja cikin 'yan kwanaki, ta kai 617 a watan Yulin wannan shekara, kuma a Oktoban 2024 ta zarce naira 1,000. Ma'aikacin da albashinsa bai motsa ba ya jingine motarsa a gida, ɗan kasuwar da ke jigilar kaya kuma ya ga mai yana lashe ribar da ya fita nema.

A irin wannan yanayi ne wata tsohuwar dabara ta sake samun masu saurare. Bidiyoyinta na yawo a Facebook da TikTok da WhatsApp: ga mutum ya buɗe bonet, ga wata kwalba ko ƙaramin akwati cike da ruwa yana ɓulɓulo da kumfa, ga siririn tiyo ya tashi daga nan ya shiga inji. Mai bayanin zai ce na'urar tana fitar da iskar haidurojin daga ruwa, kuma tana rage shan mai da kashi 30, ko 40, wani ma ya ce rabi. Sunan da aka fi saninta da shi shi ne HHO.

Ba duk masu harkar ne 'yan damfara ba. Da yawansu masu sha'awar ƙere-ƙere ne, musamman a Amurka da Turai da Asiya, waɗanda suka shafe shekaru suna yanka farantan ƙarfe a garejin gidajensu, suna auna iska, suna musayar sakamako a tsakaninsu da zuciya ɗaya. Kumfar da ake gani a bidiyon ma ba siddabaru ba ce, iskar gaske ce, kuma tana kama wuta. Abin tambaya shi ne ko tana biyan kuɗin da aka kashe wajen samar da ita.

Abin da ke cikin kwalbar

Ruwa haɗin iska biyu ne, haidurojin kashi biyu da oksijin kashi ɗaya. Idan aka tsoma ƙarfe biyu a ruwa aka haɗa su da batir, wutar lantarki tana raba wannan haɗi, haidurojin ya taso ta gefe guda, oksijin ta ɗaya gefen. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Wasu Turawan Ingila biyu, William Nicholson da Anthony Carlisle, sun yi shi tun 1800, kuma a farkon shekarun 1830 Michael Faraday ya fitar da ƙa'idar da ke faɗin adadin iskar da kowane ma'aunin wuta zai iya bayarwa. Har yau ba a samu na'urar da ta ƙetare wannan ƙa'ida ba.

Na'urar mota ba ta ware iskokin biyu, tana barinsu a gauraye, shi ya sa ake rubuta HHO. Wasu na kiranta iskar Brown, da sunan Yull Brown, ɗan asalin Bulgeriya da ya zauna a Ostareliya, wanda ya yi rajistar irin wannan na'ura a shekarun 1970 don aikin walda.

Ƙirar ba ta da wuya. Ana jera farantan ƙarfen da ba ya tsatsa, a bar 'yar tazara a tsakaninsu. Da yake tsabtataccen ruwa ba ya ɗaukar wuta sosai, ana zuba masa sinadari mai kaifi, galibi irin sodar da ake yin sabulu da ita ko 'yar'uwarta ta fotash. Waya ta taso daga batir, tiyo kuma ya kai iskar bututun da inji ke shaƙar iska. Masu kula suna sa wata kwalbar ruwa ta biyu a tsakani, wadda iskar za ta ratsa, don idan wuta ta biyo tiyo ta mutu a nan kafin ta isa na'urar. Farkon masu gwajin sun riƙa tsoma farantan gaba ɗaya cikin kwalba. Daga baya aka koma matse su tsakanin robobi, ruwa na bi ta ciki kawai, saboda hakan ya rage zafi da asarar wuta.

Inda lissafin ke tsinkewa

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne ruwa ba makamashi ba ne. Idan haidurojin ya ƙone, abin da ya rage shi ne ruwa, kamar yadda itace ke barin toka. Mai son mayar da tokar nan ta koma abin ƙonawa dole ya biya, kuma abin da zai biya ba zai taɓa gaza abin da zai samu ba. Raba litar ruwa ɗaya yana bayar da kusan lita 1,860 ta iskar HHO, adadin da ke burge mai sauraro, amma yana cin aƙalla kilowat 4.4 na wuta na tsawon awa guda, ko da na'urar ba ta yi asarar komai ba. Babu kuma na'urar da ba ta asara.

To, daga ina wutar take fitowa a mota? Masu tallar sukan ce daga rarar wutar da alteneta ke zubarwa a banza. Babu wannan rara. Alteneta tana bayar da gwargwadon abin da aka nema ne, kuma duk lokacin da aka ƙara mata kaya sai ta ƙara tauri, fambel ya ƙara jan inji, inji ya ƙara shan mai. Duk direban da ya taɓa kunna manyan fitilu da fanka a tsohuwar mota tana tsaye, ya ji muryar injin ta ɗan nauyaya, ya riga ya ga wannan da kunnensa.

Ga lissafin a kan na'ura mai kyau, irin wadda masu gwaji ke alfahari da ita. Tana jan kusan amf 15 a kan bolt 14, wato kimanin wat 200, ta bayar da litar iska ɗaya a minti. Alteneta ta mota takan mayar da ɗan abin da ya haura rabin ƙarfin da ta karɓa ne zuwa wuta, don haka kafin ta ba da wat 200 sai ta karɓi kusan wat 360 daga inji. Injin fetur kuwa, a mafi yawan tafiya, bai fi kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin man da ya ƙona yake mayarwa aiki ba. Saura zafi ne da ke fita ta salansa da lagireto. Ke nan wat 360 ɗin ya ci man da ƙarfinsa ya kai wat 1,200. Litar iskar da aka samu a minti, idan ta ƙone, zafinta bai fi wat 110 zuwa 130 ba, kuma da yake cikin wannan injin dai za ta ƙone, abin da zai koma aiki bai kai wat 40 ba.

An kashe 360, an karɓo ƙasa da 40. Ɗan kasuwa zai gane abin da sauri idan ya tuna 'yan canji na Wapa: mutum ya canza naira zuwa dala, dala zuwa riyal, riyal zuwa sefa, sefa ta dawo naira, kowane teburi ya cire nasa, sannan ya ƙirga yana jiran ya ga ƙari. A nan ma canji huɗu ne, fetur zuwa juyin inji, juyi zuwa lantarki, lantarki zuwa iska, iska ta koma juyi. Idan aka mayar da giɓin zuwa mai, na'urar tana ƙara wa mota shan kusan lita ɗaya a kowace awa takwas ta tafiya. Ba asara ce mai yawa ba, shi ya sa ma mai motar ba ya lura da ita, amma ai ba don a yi ƙaramar asara aka sayi na'urar ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi

Ƙwararrun masu gwajin sun san wannan lissafi, kuma ba sa musunsa. Hujjarsu daban ce. Sukan ce ba a matsayin mai ake sa haidurojin ba, a matsayin mai taimaka wa fetur ya ƙone da kyau ake sa shi. Wannan magana tana da tushe. Harshen wutar haidurojin ya fi na fetur gudu sau da yawa, kuma yana kamawa ko da kashi 4 cikin ɗari ne kawai a cikin iska. Injin da aka ba isasshen haidurojin yana iya aiki da iska mai yawa da fetur kaɗan ba tare da ya riƙa shaƙewa ba, kuma a irin wannan aiki yakan ɗan fi tattali.

Shaidar da suka fi kafa hujja da ita wani rahoto ne da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fitar a 1977, bayan gwaji a kan injin motar Cadillac ƙirar 1969. Rahoton gaskiya ne, kuma ya nuna haidurojin yana ba inji damar aiki da cakuɗa mai ƙarancin fetur. Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Masu binciken ba daga batirin mota suka samo iskar ba. Daga tukunyar gas suka samo ta, da kuma wata na'ura mai tace ta daga sinadarin metanol. Adadin da suka riƙa zubawa ya haura rabin kilo a awa. Na'urar da ke bayar da litar HHO ɗaya a minti kuwa, haidurojin da ke cikin abin da ta fitar a awa guda bai fi giram uku da ɗan ɗoriya ba. Tazarar ta kusa ninki ɗari biyu.

Ana iya kallon ƙanƙantar abin ta wata fuskar. Injin mai lita biyu, irin na yawancin ƙananan motocin da ke titunan Kano da Kaduna da Abuja, yana shaƙar iskar da ta kusa lita dubu a minti idan yana tafiya a kan babbar hanya. Litar HHO ɗaya a cikin wannan kamar cokalin sukari ne a randa.

Akwai kuma wata magana da masu talla ke yawan yi wadda ta cancanci a warware ta, domin tana kama da gaskiya. Sukan ce inji kashi 30 kawai yake ƙonawa na man da aka zuba masa, saura yana fita ta salansa, na'urarsu ce za ta ƙone ragowar. An cakuɗa abu biyu ne a nan. Injin da ke da lafiya yana ƙone fiye da kashi 95 na man da ya shiga cikinsa. Kashi 30 ɗin da ake faɗa shi ne rabon zafin da ya koma aiki, ba rabon man da ya ƙone ba. Babu wani tarin ɗanyen fetur da ke jiran a zo a cece shi. Da kashi 70 na mai yana fita ɗanye, da babu wanda zai iya tsayawa a bayan mota da ashana.

Jami'o'i a ƙasashe da dama sun yi gwaje-gwaje a kan ƙananan injina, na fetur da na dizal, kuma sakamakon ya sha bamban: wasu sun ga ɗan sauƙi, wasu ba su ga komai ba, wasu sun ga ƙarin shan mai. Abin da ya kamata a fara dubawa a kowane irin rahoto shi ne inda aka jona na'urar. Idan wutar bango ce ta kunna ta, ba injin da ake gwadawa ba, to an ɓoye kuɗin saye an nuna na sayarwa.

Masu rantsuwa cewa ta yi musu aiki

Duk da haka, akwai mutanen kirki da za su dafa littafi su ce motarsu ta rage shan mai. Galibinsu ba ƙarya suke yi ba, kuma dalilan suna da yawa.

Wanda ya kashe kuɗi ya sa na'ura yana son ta yi aiki, don haka ƙafarsa takan yi sauƙi a kan totur ba tare da ya sani ba. Wannan kaɗai yana iya rage shan mai fiye da duk abin da na'urar ta yi alkawari a zahiri. Sau da yawa kuma ranar da aka sa ta ce makanike ya canza fulogi, ya wanke kafireto ko nozul, ya sa sabuwar matatar iska, aka ƙara wa tayoyi iska. Sai na'ura ta kwashe ladan aikin da ba ita ta yi ba. Ga kuma matsalar awo. Allurar tanki ba ma'auni ba ce, cunkoson yau ba na jiya ba ne, kuma kowa ya san litar wani gidan mai ba ta kai ta wani ba.

Dalili mafi muhimmanci yana cikin 'yan wayoyin da ake haɗawa da na'urar. Motocin zamani suna da na'urar shinshina hayaƙi a bakin salansa, wadda ke gaya wa kwamfutar inji ko man ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Masu sayar da HHO sukan haɗa da wani ƙaramin akwatin lantarki da ke sauya wannan saƙo, ya sa kwamfutar ta ɗauka mai ya yi yawa, sai ta rage. A nan kam shan mai yana iya raguwa da gaske, amma akwatin ne ya rage shi, ba kumfar ba. Da za a cire kwalbar a bar akwatin, sakamakon ɗaya ne. Kuɗin wannan ragi kuwa ana biyansa daga baya. Injin da aka ƙuntata wa mai yana ƙara zafi a ciki, yana iya fara ƙwanƙwasa, bawul ya ƙone, kan fistin ya lalace. Wanda ya tsira da 'yan litoci a wata ya ƙare da sauke inji ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Tsohon labari ne

Duk lokacin da mai ya yi tsada, labarin motar ruwa yakan farfaɗo. Wanda ya fi shahara shi ne Stanley Meyer na jihar Ohio a Amurka, wanda ya yi iƙirarin motarsa za ta iya tafiya daga Los Angeles zuwa New York da galan 22 na ruwa. Mutum biyu da suka zuba jari a harkarsa sun kai shi kotu, masanan da suka duba na'urar suka ce raba ruwa ne irin wanda aka sani, babu wani sabon abu, kuma a 1996 kotun ta same shi da zamba, ta umarce shi ya mayar musu da dala 25,000. Ya rasu kwatsam a wani gidan abinci a 1998. Binciken gawa ya nuna jijiyar jini ce ta fashe a ƙwaƙwalwarsa, amma har gobe mabiyansa na cewa kamfanonin mai ne suka sa masa guba, kuma wannan zargi ya fi na'urar tasa yaɗuwa.

A Filifin, Daniel Dingel ya shafe shekaru da dama yana nuna tasa motar ruwan, har kotu ta yanke masa hukuncin ɗauri a 2008 bisa laifin damfara, yana da shekara 82. A Pakistan, a 2012, wani mai suna Agha Waqar Ahmad ya samu goyon bayan ministoci da gidajen talabijin, har da fitaccen masanin nukiliyar ƙasar Abdul Qadeer Khan, yayin da masana irin su Pervez Hoodbhoy ke ta jan hankalin jama'a cewa abin ya saɓa wa ƙa'idar kimiyya ta farko. Hayaniyar ta lafa, motar ba ta shiga kasuwa ba.

Na'urorin HHO na ƙara wa fetur ƙarfi, waɗanda iƙirarinsu bai kai na su Meyer girma ba, sun bunƙasa ne a 2008, shekarar da gangar ɗanyen mai ta kai dala 147. A 2009 hukumar kare masu saye ta gwamnatin Amurka ta gurfanar da wani ɗan kasuwa, Dennis Lee, kan tallar irin wannan na'ura, kuma shari'ar ta ƙare a 2011 da yarjejeniyar sasantawa. Hukumar kare muhalli ta ƙasar, wadda ta gwada na'urori da sinadaran rage shan mai fiye da ɗari a tsawon shekaru, ba ta samu wanda ya kawo ragi mai yawa ba.

Zargin cewa kamfanoni ne ke danne fasahar yana da wuyar tsayawa. Masu ƙera motoci suna kashe biliyoyin daloli don su rage shan mai da kashi ɗaya ko biyu, saboda dokokin Turai da Japan suna cin tarar wanda ya gaza. Kamfanin da ya samu hanyar rage kashi 30 da farantan ƙarfe da kwalbar ruwa ba zai ɓoye ta ba, sai dai ya kwashe kasuwar abokan hamayyarsa. Motocin haidurojin na gaske ma suna nan: Toyota ta fito da Mirai a 2014, Hyundai ta fito da Nexo a 2018. Amma waɗannan a tasha ake cika musu haidurojin da aka samar a masana'anta, kilo biyar zuwa shida, cikin tankuna masu jure matsi mai tsanani. Ruwa a wurinsu abin da ke ɗiga daga salansa ne.

Haɗarin da bidiyo ba ya nunawa

HHO ta bambanta da gas ɗin girki ko CNG da gwamnati ke ƙarfafa a koma wa. Waɗancan sai sun fito sun haɗu da iska kafin su kama. Ita kuwa tana ɗauke da oksijin ɗinta, a daidai gwargwadon da fashewa ke buƙata, don haka tartsatsi ɗaya ya isa, ko a cikin rufaffiyar kwalba. Ba a tara ta, ba a matse ta a tukunya. Idan mai haɗa waya ya jona na'urar kai tsaye da batir, ba ta hanyar da za ta mutu idan inji ya mutu ba, za ta ci gaba da cika bututun iska mota na ajiye, sai a tayar da safe ta tashi da murfin matatar iska.

Ruwan cikinta ma abin tsoro ne. Soda tana cin fata, tana makantar da ido, kuma idan tururinta ya bi tiyo ya shiga inji yana cin sassan alminiyom. Wanda ya sa gishirin girki a madadinta zai samar da iskar kilorin mai guba. Baƙin ruwan da ke taruwa bayan farantan sun fara zaizayewa yana iya ɗaukar wani nau'in sinadarin kuromiyom mai haddasa ciwon daji, ba abin zubarwa a kwata ko kusa da rijiya ba ne. Sannan ruwan yana ƙara jan wuta yayin da yake ƙara zafi, zafin kuma ya ƙaru saboda ƙarin wutar. A garin da zafin rana ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wayoyi na iya narkewa, alteneta ta ƙone. Wani ɓangare na kumfar da ke burge mai kallo a irin wannan lokaci tururi ne kawai.

Wanda duk da haka yake son ya gani da idonsa, akwai gwajin da ba ya buƙatar ɗakin bincike. A sa makunni a na'urar, a bar duk sauran abubuwan motar yadda suke, ba tare da akwatin da ke taɓa saƙon kwamfuta ba. A cika tanki har baki a famfo ɗaya na gidan mai ɗaya, a rubuta kilomita, a bi hanya ɗaya mai tsawo da gudu iri ɗaya, a dawo famfon a sake cikawa, a rubuta litar da ta shiga. A maimaita aƙalla sau uku tana kunne, sau uku tana kashe, ana cakuɗa jerin. Sharaɗin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne wani daban ya riƙe makunnin, kuma kada direban ya san ko tana kunne ko tana kashe sai an gama lissafi.